Shirin Musamman: 'Yan Kallo a Ajin Guangzhou



Duk ɗan kasuwar Kano da ya saba zuwa sari Guangzhou ya san titin Zhanxi, kusa da babbar tashar jirgin ƙasa, inda ake cinikin agogo da takalma. Wasu su cika kwantena su dawo gida. Wasu 'yan Afirka kuwa sun zauna, sun auri Sinawa, sun hayayyafa. 'Ya'yansu na jin Sinanci kamar kowa, amma launin fata ba ya ɓuya. Ranar da wani ɗan aji ya goranta wa irin wannan yaro baƙar fatarsa, me sauran ke yi?

A 1996, Christina Salmivalli ta Jami'ar Turku da ke Finland ta nuna cewa 'yan kallo ba ɗaya suke ba. Akwai mai taya zagi, akwai mai ƙyalƙyala dariya yana zugawa, akwai mai kawar da kai, sai ɗan ƙalilan da ke cewa ya isa haka. Dariyar nan ita mai zagin ke nema. Wani bincike na 2001 a makarantun firamaren Toronto ya gano cewa idan yaro ya sa baki, fiye da rabin lokuta cin zalin kan tsaya cikin daƙiƙa 10. Amma kusan sau ɗaya cikin biyar kacal ake sa bakin.

Tsoron kada abin ya juyo kansa na ɗaure wa matashi harshe, sai dai abin da ya gani wajen manya ya fi ɗaure shi. A 2009 an yi wa Lou Jing, budurwa 'yar Shanghai mai uba baƙar fata, ruwan zagi a intanet don ta fito gasar talabijin. A Afrilun 2020, lokacin korona, an fitar da 'yan Afirka daga gidajen haya da otal-otal a Guangzhou, wani shagon McDonald's ya manna takardar hana baƙar fata shiga, har kakakin majalisar wakilan Najeriya na lokacin, Femi Gbajabiamila, ya kira jakadan China a Abuja. Yaron da ya tashi yana ganin wannan, da wuya ya ɗauki gori a matsayin laifi.

Kafin mu tsine wa Sinawa, mu tuna yadda aji ke fashewa da dariya a Kano ko Zariya idan aka kira wani arne ko nyamiri.

Tun ranar 1 ga Yuni, 2021, dokar kare yara ta China ta lissafa cin zali da baki da na intanet cikin abin da dole makaranta ta hana, ta kuma sanar da iyaye. To amma ba a gaban malami ake gorin ba. Matashin da abin ya sosa wa rai kan jira a tashi, ya tura wa wanda aka goranta wa saƙo ta manhajar WeChat: kada ka damu da shi. Saƙon na sanyaya zuciya, ba shakka, sai dai mai zagin bai gan shi ba, 'yan dariyar ma haka.