Ginin Ƙasa Na Dawowa, Amma Ta Ƙofar Masu Hali

Shekara da shekaru, bulon siminti da rufin kwano ne shaidar cewa mutum ya samu. Yanzu wasu masu zanen gine-gine sun juya ga jar ƙasa, kuma ba kewar zamanin da ce ta mayar da su ba.

Tsada na ciki. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a Najeriya, gidaje da dama suka tsaya a linta. Amma babban dalili zafi ne. Duk wanda ya kwana a ɗakin kwano cikin watan Afrilu ya san bangon bulo kan sha rana yini guda, ya amayo ta da dare, ga wuta babu, sai a kwashi yara da tsofaffi a fito tsakar gida da tabarma. Katangar tubali mai kauri kuwa a hankali zafi ke ratsa ta. Kafin ya kai ciki gari ya yi sanyi. Batun cewa masana'antar siminti ce ke fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar carbon a duniya gaskiya ne, sai dai bai taɓa hana magidanci barci ba.

A Nijar aka fi ganin sakamakon wannan komawa ga jar ƙasa. Mariam Issoufou da abokan aikinta sun gina gidajen Niamey 2000 da bulon ƙasa da inji ya matse, sannan a 2018 ita da Yasaman Esmaili suka kammala cibiyar Hikma a Dandaji, inda tsohon masallaci ya koma ɗakin karatu, aka gina sabo kusa da shi. Francis Kéré na Burkina Faso ma da laka ya fara a Gando, har ya ci kyautar zanen gine-gine ta Pritzker a 2022.

To, talaka fa? Shi abin da ya sani, damina na yi gidan ƙasa ke fara zubewa. Laifin galibi na gini ne: ba tushen dutse, ba indararo na kirki, yaɓe ya daɗe ba a sabunta ba. Azara ta yi wuya saboda giginya ta ƙaranta, maginan da suka iya ɗaurin guga suna ƙarewa ba magada. Muddin makarantun koyon sana'a ba su ɗauki wannan aiki ba, kuma hukumomin tsara birane ba su sauƙaƙa ba da izininsa ba, sabon ginin ƙasa zai tsaya a hannun masu iya biyan injiniya.