ZAREN FIM DA NA'URAR DIJITAL A ƘASAR TASAWA DA MAYAHI

A garin Maijirgi na gundumar Tasawa, kan babbar hanyar da ta tashi daga Maraɗi zuwa Damagaram, akwai kaburbura biyu na hafsoshin Faransa, Voulet da Chanoine. Su ne suka ratso ƙasar Hausa a shekarar 1899 suna ƙone garuruwa da karkashe talakawa, har ran 14 ga watan Yuli Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb a Ɗankori, sa'an nan cikin kwanaki uku sojojinsu suka gama da su duka biyun. Ga biyu daga cikin lokutan da masu sinima suka waiwayi wannan labari, kowanne da irin kayan aikin zamaninsa.

Na farko shi ne Med Hondo, ɗan ƙasar Muritaniya, wanda ya shirya fim ɗin Sarauniya a 1986 daga littafin Abdoulaye Mamani. A kan zaren fim mai faɗin milimita 35 aka ɗauke shi, a ƙasar Burkina Faso kuwa aka yi aikin, ba a Nijar ba. Ya ci babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu a 1987. Amma irin wannan zare sai da ɗakin sinima, da injin majigi mai nauyi, da wutar lantarki tsayayya, abubuwan da ƙauyukan Gulbin Kaba ba su da su. Saboda haka manoman da kakanninsu suka ga tashin hankalin da idonsu ba su cikin ƴan kallon farko.

Na biyu shi ne African Apocalypse na Rob Lemkin, ɗan Ingila, wanda ya fito a 2020. Da na'urar dijital aka bi sawun rundunar, aka zauna da dattawan garuruwan da abin ya shafa suna faɗin abin da suka ji daga bakin iyayensu, daga baya kuma aka mayar da fim ɗin Hausa. A nan ne amfanin sabuwar na'ura ya fi fitowa fili. Zaren milimita 16 mai tsawon mita 120, irin wanda Jean Rouch da Oumarou Ganda da Moustapha Alassane suka yi aiki da shi, minti 11 kawai yake ɗauka ya ƙare. Tsoho kuwa in ya kama ba da tarihi, minti 11 ko gaisuwa bai gama ba. Bayan haka tilas a aika da zaren Faransa a wanke shi, mai fim ya zauna makonni bai san ko aikinsa ya yi kyau ko rana ta ƙone shi ba. Yau mai ɗauka yana duba abin da ya ɗauka nan take, ya nuna wa mai maganar fuskarsa kafin ya tashi.

FESPACO kansa ya daɗe yana ƙin wannan canji, sai a 2015 ya yarda finafinan dijital su shiga takarar babbar kyauta. Kafin nan Kano ta riga ta yi nisa da bidiyo tun Turmin Danya na 1990, kamfanin Kodak kuma, wanda injiniyansa ya ƙera na'urar hoto ta dijital ta farko a 1975, ya faɗi warwas a 2012.

Ta fannin masu hoto, labarin bai yi daɗi haka ba. A da, mai hoto a Tasawa ko Mayahi mutum ne mai daraja: ranar salla da ranar biki ana layi a ƙofar shagonsa, mai neman katin ɗan ƙasa kuma dole ya bi ta hannunsa. Zare guda hoto 36 ke cikinsa, don haka ba ya danna na'ura sai ya gyara wa mutum hula, ya daidaita masa zaman riga. Salula ta kashe mafi yawan wannan ciniki, tun da kowane saurayi ya zama mai hoton kansa.

Sai dai akwai asarar da ba a cika lura da ita ba. Hoton da aka wanke a takarda, in an adana shi cikin akwati nesa da damshi da gara, yakan kai wa jikoki. Hoton salula kuwa rayuwarsa ta rataya ga katin ajiya ɗan ƙarami. In wayar ta faɗa rijiya, ko aka sace ta a kasuwa, ko aka sayar da ita lokacin da hatsi ya yi tsada, shekarun iyali sun tafi gaba ɗaya. Hotunan da Philippe Koudjina ya ɗauka a Yamai cikin shekarun 1960 da 1970 an sake wanke su an nuna su a ƙasashen waje domin baƙin zarensu ya wanzu. Tsofaffin shagunan jihar Maraɗi ma sun tara irin wannan zare mai ɗauke da fuskokin hakimai da malamai da amare, zafi da ƙura na cinsa, kuma duk wanda aka zubar kafin a kwafe shi cikin kwamfuta ba shi da na biyu.