Amsoshin Wasiƙunku: Mota Ta Karya Ƙanena, Shin Muna Da Hakkin Neman Diyya?

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu daga ƙasar Dambatta ya ce akori-kura ta buge amalanken ƙanensa a hanyar kasuwa, sa ɗaya ya mutu, yaron ya karye a cinya, ga damina ta kawo kai. Mai motar ya biya mai ɗori, dattawa suka ce ƙaddara ce, a yi haƙuri. Shin akwai abin da za su iya nema?

AMSA: To Malam, Allah Ya ba shi lafiya. Gaskiya ne ƙaddara ce, amma karɓar diyya ba jayayya da ƙaddara ba ne. Shari'a da kanta ta ɗora diyya a kan kuskure: raƙuma 100 ko dinari 1,000 a kan rai, rabin haka a kan hannu ɗaya ko ƙafa ɗaya da aka rasa. Yafewa alheri ne, amma mai hakki ne ke yafewa, ba a yafe masa.

A dokar ƙasa kuwa, abu biyu za ku nuna: cewa sakacin direba ne ya jawo haɗarin, kamar gudun wuce sa'a, lodin da ya wuce kima ko lalataccen birki, sannan ga asarar da aka yi. Asarar ta haɗa kuɗin magani, kuɗin san da amalanken, kuɗin ƙwadagon da za ku biya a nome gonarsa, da wahalar ciwon. Idan direban yaron mota ne yana bakin aikin maigidansa, mai motar ma yana ciki. Amma in da laifin ƙanenka a ciki, kotu na iya rage kuɗin.

Kada ka ce direba talaka ne, ina zai samo? Doka ta wajabta wa mai mota yin inshorar da za ta biya wanda motarsa ta cutar. A farkon 2023 hukumar inshora ta ƙasa, NAICOM, ta mai da kuɗinta naira 15,000 a shekara ga ƙaramar motar gida, ta kuma ɗaga iyakar biyan ɓarnar dukiya zuwa naira miliyan 3. Matsalar ita ce takardun jabu sun yi yawa. In ta jabu ce, sai a bi mai motar da kansa.

Ga abin da za ku yi tun da zafinsa. Ku rubuta lambar motar. Ku kai rahoto ofishin 'yan sanda, ku karɓi takardarsa. Ku riƙe sunayen shaidu, ku ɗauki hoton san da amalanken da waya. Sannan ku kai yaron asibiti, ko na ƙashi da ke Dala, a yi hoton ƙafar, likita ya rubuta rahoto. Mai ɗori ba ya ba da rasit, kamfanin inshora kuwa takarda ya sani. Ku adana kowane rasit, ko na allura ne.

Sulhu a gaban dagaci ko hakimi ba laifi ba ne, sau da yawa ma ya fi sauri. Sai dai a rubuta, a sa shaidu. Kuma kada ƙanenka ya dangwala yatsa a takardar da ta ce magana ta ƙare alhali ba a san yadda ƙafar za ta warke ba. In ya dangwala, daga baya gurguntaka ta bayyana, da wuya a sake tayar da maganar.

In sulhu ya ƙi, sai kotu. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya tuntuɓi ofishin Legal Aid da ke Kano, hukumar da gwamnatin tarayya ta kafa a 1976 don marasa ƙarfi. Kada ku yi jinkiri, domin shigar da ƙara yana da wa'adi, musamman in motar hukuma ce, inda wa'adin kan iya zama wata 3 kacal.

Allah Ya kiyaye gaba, Ya ba mu damina mai albarka.