Amfanin Koyon Aikin Hannu Tare

Ajin aikin hannu wuri ne da yara, matasa da dattawa ke zama tare suna koyon zane, saƙa ko ginin tukwane. Amfaninsa ya wuce samun sana'a. Idan hannu ya shiga yumɓu, hankali yakan bar damuwa ya koma kan aikin. Gwauruwar da kaɗaici ya dama takan sami abokan hira, yaron da ya kasa faɗin abin da ke ransa kuma yakan zana shi.

Ladi Kwali, wadda hotonta ke kan takardar naira 20, a gida ta koyi ginin tukwane tun tana yarinya. Ikilisiyarku ma za ta iya farawa da inuwar itace, yumɓu, gawayi da tsohuwa ɗaya mai koyarwa.