Ƙwayoyin tazarar haihuwa da hawan jini: Awon da ake tsallakewa a kemis

A kemis da dama a garuruwanmu, sayen ƙwayoyin tazarar haihuwa bai fi sayen maganin ciwon kai wuya ba. Mace ta je ko ta aika, a miƙo kati ɗaya na wata guda, a biya a tafi. Ba a tambayar shekarunta, balle a ɗaura mata na'urar awon jini a dantse. Alhali wannan awo da ba ya cin minti biyar shi ne Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da shawarar a yi kafin mace ta fara sha.

Ba kowace ƙwaya ce abin dubawa ba. Wadda ake magana a kai ita ce mai haɗin sinadari biyu, istrojin da furojestin, irin su Microgynon. Istrojin ɗin ne ke sa hanta ta riƙa samar da wani sinadari fiye da kima, shi kuma ya matse jijiyoyin jini, ya sa ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa. Hanya ta ƙuntata, ruwa ya ƙaru, sai jini ya hau.

Tsohuwar magana ce

A shekarar 1960 Amurka ta amince da ƙwayar farko, Enovid, wadda istrojin ɗinta ya kai maikurogiram 150. Zuwa 1967, likita John Laragh da abokan aikinsa a New York sun wallafa bayanan matan da jininsu ya hau bayan fara shanta. Akasarin ƙwayoyin yanzu ba su wuce maikurogiram 20 zuwa 35 ba, haɗarin kuma ya ragu sosai. Amma bai tafi ba. Wani bincike da aka wallafa a 1996, wanda ya bi diddigin ma'aikatan jinya mata fiye da 68,000 a Amurka, ya gano cewa masu shan ƙwayar sun kusa ninka waɗanda ba su taɓa sha ba wajen haɗarin kamuwa da hawan jini.

Ga akasarin mata, hawan kaɗan ne, ba ma za su san an yi ba. Matsalar tana ga 'yan ƙalilan da nasu ke yin tashin gwauron zabi, ya kai 180 bisa 120 ko ya zarce. A wannan mataki jini yakan fara ɓarna: ƙananan jijiyoyin bayan ido su fashe, ƙoda ta fara gazawa, ƙwaƙwalwa ta kumbura, ko a wayi gari da shanyewar ɓarin jiki. Abin takaicin shi ne hawan jini ba ya sallama. Mace na iya yin watanni tana ayyukanta lafiya lau, in kai ya sara ta ce rana ce ko hidimar yara.

Duk mai shan ƙwayar da ta ji matsanancin ciwon kai irin wanda ba ta saba ji ba, ko gani ya dushe, ko ciwon ƙirji, ko numfashi sama-sama, ko harshe ya yi nauyi, ko hannu ya saki, to asibiti za a nufa a take. Ba lokacin komawa kemis ba ne.

Wace ce bai dace ta sha ba?

Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya a bayyane take. Matar da awonta ya kai 160 bisa 100 ba za ta sha ƙwaya mai istrojin ba sam. Wadda ke tsakanin 140 zuwa 159 a sama, ko 90 zuwa 99 a ƙasa, an fi so ta nemi wata hanyar, haka ma mai hawan jinin da magani ya daidaita mata shi. Mai ciwon ɓarin kai da ke zuwa da walƙiya-walƙiya a ido ita ma an hana ta, haka mai shekara 35 zuwa sama da ke shan sigari da yawa.

Akwai kuma maganar jego, wadda ta fi shafarmu. Da yawa bayan haihuwa suke fara neman tazara, daidai lokacin da ake ɗirka musu kunun kanwa. Kanwa kuwa cike take da sinadarin da ke cikin gishiri, kuma tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shanta, tare da wankan jego da kwanciya kan gadon wuta, da ciwon zuciyar masu jego. A ɗora istrojin a kan wannan, an ƙara wa Barno dawaki. Dama ƙa'ida ta hana mai shayarwa wannan ƙwaya a makonni shida na farko, an kuma fi so ta jira jariri ya cika wata shida.

Kada wannan ya sa mace ta watsar da ƙwayarta yau ta zauna haka nan. Ga mai hawan jini, cikin da ba a shirya masa ba ya fi ƙwayar haɗari, domin shi ke buɗe ƙofar jijjiga, wadda har gobe tana cikin manyan abubuwan da ke kashe masu juna biyu a Arewa. Mafita ita ce sauya hanya. Akwai ƙwaya mai furojestin zalla, irin su Microlut, akwai ashanar da ake sa wa a dantse, akwai robar mahaifa mai jan ƙarfe wadda ba ta da sinadarin da ke taɓa jini ko kaɗan. Allurar wata uku ce ke buƙatar taka-tsantsan idan awo ya kai 160 bisa 100.

Idan ƙwayar ce ta jawo hawan, jinin yakan koma daidai cikin kamar wata uku bayan an daina. In bai sauka ba, to akwai wani dalilin da likita zai bincika. Ita kuwa wadda awonta ya yi kyau ta fara sha, ta sake aunawa bayan 'yan watanni, sannan aƙalla sau ɗaya a shekara, ko a sashen tazarar haihuwa na asibitin sha-ka-tafi mafi kusa da ita.