Shirun hanta ba shaidar warkewa ba ne

Duk mai wucewa ta kasuwar Sabon Gari ko bakin titin Samaru ya saba da lasifikar masu maganin "wankin hanta". Abin da ya sauya shi ne hujjarsu, domin yanzu takardar gwajin jini suke ɗagawa. An ce wa mutum yana da ciwon hanta nau'in B, ya sha jiƙo wata guda, ya koma ɗakin gwaji, sai ya ga lambobin ALT da AST sun sauko. Daga nan ya daina zuwa asibiti, har ya shiga yi wa maƙwabta talla. Lamarin kuwa ya shafi gidaje da yawa, tunda binciken ƙasa na 2018 ya gano kusan mutum 8 cikin 100 na manyan Najeriya na ɗauke da ƙwayar wannan cuta.

Kuskuren yana cikin yadda ake karanta takardar. ALT da AST sinadarai ne da ke zaune cikin ƙwayoyin hanta, sai ƙwayoyin sun fashe suke kwarara cikin jini. Ɓarna suke nunawa, ba aiki ba. A ɗauki injin niƙa: ƙara da hayaƙi alama ce ta cewa wani abu na lalacewa a ciki, amma matar da ta kawo dawa ba shiru ta zo nema ba, gari take son gani a kwarya. Injin da aka gyara yakan lafa, wanda ya mutu murus shi ma shiru yake yi. Hantar da ta taurare, tabo ya cinye ta, tana iya ba da ALT daidai, don ƙwayoyin da suka rage su fashe kaɗan ne. Ga shi kuma ciwon hanta nau'in B da kansa yake tashi ya kwanta, ko an sha jiƙo ko ba a sha ba.

Garin da hanta ke fitarwa shi ne furotin, kuma hanyoyi biyu ake bi a auna shi. Ta farko ita ce albumin, wanda hanta ce kaɗai ke yin sa. A jinin mai lafiya akan sami giram 35 zuwa 50 a kowace lita. Shi ke riƙe ruwa cikin jijiyoyin jini. Idan ya yi ƙasa sai ruwa ya tsiyaye, ƙafafu su kumbura har ka danna yatsa ya bar rami, ciki ya cika ya yi tsele-tsele, a gida kuwa a fara zancen sammu. Sai dai albumin ba ya saurin ba da labari, domin sai ya yi kusan kwana 20 kafin rabinsa ya ƙare. Kamar rumbu yake: gona na iya ƙonewa yau, rumbun na nan cike da hatsin bara. Shi ya sa ya fi amfani a ciwon da ya daɗe.

Hanya ta biyu ita ce auna lokacin daskarewar jini, wanda ake rubutawa PT ko INR. Wani likita Ba'amurke, Armand Quick, ya ƙirƙiro gwajin a 1935. Yawancin furotin ɗin da ke sa jini ya daskare hanta ke haɗa su, kuma akwai wanda rabinsa ke ƙarewa cikin awa shida kacal. Idan albumin rumbu ne, wannan tuwon dare ne: ba a ɗora tukunya yau ba, yau ɗin za a kwana da yunwa. Jinin mai lafiya kan daskare cikin daƙiƙa 11 zuwa 14, INR ɗinsa na kusa da 1. Da zarar hanta ta gaza, ko da guba ko da magani fiye da kima, wannan adadi kan haura cikin kwana ɗaya ko biyu. Ma'aunin Child-Pugh da likitoci ke amfani da shi tun 1973 wajen sanin yadda taurin hanta ya yi nisa abu biyar yake dubawa: albumin, daskarewar jini, sinadarin shawara, ruwan ciki da ruɗewar hankali. Babu ALT a ciki.

Wani zai ce su ma waɗannan gwaje-gwajen suna yaudara, kuma yana da gaskiya. Albumin kan faɗi saboda tamowa, ko ciwon ƙoda mai zubar da furotin cikin fitsari, ko juna biyu. Jini kan ƙi daskarewa saboda ƙarancin bitamin K ko shan warfarin. Amma likita yana da dabarar rarrabewa: ya duba fitsari, ya ba da allurar bitamin K ya sake gwaji, idan adadin ya gyaru, hanta na iya aikinta, kayan aiki ne suka yanke mata. Wannan ma dalili ne na kai takarda ga likita maimakon mai lasifika. Wani kuma zai kawo batun kuɗi, wanda ba abin rainawa ba ne a wannan zamani, sai dai in an lissafa abin da jarkokin jiƙo ke lashewa a wata uku, gwajin ya fi sauƙi.

Inda nake ganin gazawar hukumomi shi ne gangamin da ake yi duk 28 ga Yuli, ranar ciwon hanta ta duniya. Akan soki yatsa, a ce wa mutum "kana da shi", a sallame shi da takarda da fargaba, alhali Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello yana nan Shika, kusa da Samaru. Ya kamata a faɗa masa inda zai je, a kuma sanar da shi cewa gwajin daskarewar jini yawanci ba ya cikin jerin da ake kira gwajin hanta, sai an rubuta shi daban. Jininsa ma kwalbarsa daban ce, mai shuɗin murfi, kuma dole a cika ta har kan layi, in ba haka ba sakamakon zai fito ba daidai ba.