Kafin a Biya Kuɗin Tsohuwar Corolla, a Ɗaga Bonet

Da kaka ta yi, aka sayar da aya da wake, sai mutumin Agye ko Gazawa ya bi ta Cadawa zuwa Maraɗi neman ƴar ƙaramar mota. Yawanci Toyota Corolla ake nufa, kuma zaɓin ba laifi: ba ta shan mai, kayan gyaranta birjik daga Maraɗi har Katsina, kuma da wuya a sami bakaniken da bai taɓa kwance injinta ba.

Abin haushin shi ne yadda ake sayen. Mutum ya zagaya mota sau biyu, ya shafa fenti, ya kunna rediyo, dillali ya rantse masa cewa wata tsohuwa ce ke hawanta a Beljiyam, shi ke nan ya ƙirga miliyoyin sefa. Wanda ba ya sayen rago sai ya duba haƙora, shi ne ke biyan mota bai ɗaga bonet ba!

Alhali zafi ne ajalin waɗannan motoci. A Afrilu da Mayu yakan haura digiri 40, motar ta kai shekara 20 ko 25, an labta mata kaya, ga rairayin hanyoyin ƙauye. Don haka a je da sassafe tun inji na sanyi, tare da bakaniken da ba yaron dillali ba. A buɗe lagireto: ruwa ja mai tsatsa alama ce an daɗe ana ɗura mata ruwan rijiya. A juya murfin baƙin mai. In aka ga abu fari-fari kamar kindirmo, mai yiwuwa gaskit ya ƙone, ruwa ya shiga mai. Wasu masu gyara kuma da mota ta fara zafi sai su cire tamostat su yar, cutar na nan, an dai rufe ta. Shuɗin hayaƙi kuwa, inji ne ke shan baƙin mai.

Corolla ta shekarun 1990 da bel ɗin roba injinta ke aiki, ana sauya shi wajen kowane kilomita 100,000. Kada a amince da mita, ana mayar da ita baya. A leƙa ƙarƙashi ma, gishirin da ake zubawa a titunan Turai lokacin ƙanƙara yana cin ƙarfe.

A gwada lambar shasi da ta takardar duwan. Sannan a tuƙa ta da tsakar rana, daga Maraɗi zuwa Tibiri a dawo, ido na kan allurar zafi.